Finjalin da Haulat Ta Cika

Ruƙayya ce ta matsa wa Haulat lamba sai sun je kallon fim ɗin. Ɗaki ɗaya suke kwana a wani tsohon bene a unguwar Mansura da ke birnin Doha, shago ɗaya kuma suke aiki a Bin Mahmud, Ruƙayya tana kitso, Haulat tana lalle. Tun rasuwar ƙanwarta Muhsina, Haulat ba ta ƙara taka gidan suna ko na biki ba. Daga shago sai ɗaki.

"Yaya Haulat, yau kam ko goya ki ne sai na yi," in ji Ruƙayya tana ɗaura ɗankwali a gaban madubi. "Kyauta ne fa, har da abinci. Dariya kawai za mu sha mu dawo. Kin zauna kin zama kamar tabarmar ɗakin nan."

"Fim ɗin wa?"

"Na Alhaji Mijinyawa. Wai Jirgin Angwaye."

Haulat tana linke kaya, sai hannunta ya tsaya. Ruƙayya sabuwar zuwa ce Doha. Ta san an yi wa Haulat rasuwa, amma ba ta san ta inda abin ya biyo ba.

Shi Mijinyawa da can direba ne. Daga baya ya buɗe wata sana'a da ya sa wa suna rangadin aure. Yakan tara maza masu abin hannu waɗanda ba su da lokacin zance, Hausawa da Larabawa da 'yan Sudan, ya kwashe su a jirgi zuwa Najeriya, ya sauke su a otal a Kaduna. Can kuma an tara mata, yawancinsu zawarawa, sun ci ado sun zauna. A gani, a gaisa, a ɗaura aure kafin mako ya zagayo.

Muhsina ba wanda ya tilasta ta. Mijinta na fari ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Fausiya. Dambun nama take yi a Funtuwa, kuma duk garin an san dambunta, an san wushiryarta, an san in'inar da kan kama ta idan ta tsorata. Da ta ji labarin rangadin sai ta kira Haulat a waya tana dariya. "Yaya, in aka dace ai kusa da ke zan dawo. Ki riƙa yi min lalle kyauta."

Aka dace ɗin. Wani dattijo Balarabe mai shagon kayan gini ya aure ta ya kawo ta Doha. Mutumin ba mugu ba ne, sai dai maganar mahaifiyarsa ita ce magana a gidan. Ranar da tsohuwar ta tara ƙawayenta su ga amarya, aka miƙa wa Muhsina butar gahawa aka ce ta zuba wa baƙi. To su a can, ɗan kaɗan ake zubawa a ƙasan finjali, in mutum ya shanye a ƙara masa, har sai ya girgiza finjalin alamar ya ƙoshi. Idan kuwa aka cika maka finjali har baki, an ce maka ke nan sha ka tashi ka ba mu wuri. Ba wanda ya gaya wa Muhsina. Ita abin da ta taso ta gani a gidansu, baƙo ba a ba shi rabin kofi, rowa ce. Sai ta fara da surukarta, ta cika mata fal, ta bi tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya tana cikawa tana murmushi. Suka tashi suka yafa mayafansu. Ta bi su har ƙofa da buta a hannu, tana son ta tambayi laifinta, in'ina ta hana.

Tsohuwar ta rantse da gangan aka yi, don a kore mata mutane. Muhsina ta roƙi Haulat ta raka ta ofishin Mijinyawa, tun da shi ya haɗa auren kuma yana jin Larabci, ya je ya yi musu bayani. Ta gaya masa komai tana kuka. Mijinyawa ya yi dariya har yana dukan tebur, har hularsa ta faɗi.

"Kai! Wannan ai fim ne!" in ji shi.

Iyakar taimakon da ya yi ke nan. Bai je ba. Ko kallon Haulat bai yi ba, don shi matar da ba ya nema wa miji ba ya riƙe fuskarta.

Auren bai kai ko'ina ba. Muhsina ta koma Funtuwa da saki da ƙaramin ciki. A filin jirgi ta riƙe hannun Haulat ta ce, "Yaya, ki rantse. Kada Inna ta ji. Kada Fausiya ta ji. A ce zama ne ya ƙare." Haulat ta rantse. Muhsina ba ta koma dambu ba, ba ta ƙara fita ba, jininta ya yi ta hawa. Wajen haihuwa ta tafi, ita da jaririn. A waya Haulat ta ji, tana tsakiyar zana wa wata amarya lalle.

"Yaya, lafiya?" in ji Ruƙayya.

"Miƙo min mayafina," in ji Haulat.

Wani zauren taro aka kama a unguwar Old Airport, ranar Juma'a bayan la'asar. Likitoci da injiniyoyi da matansu suna gaba. Masu gadi da direbobi suna baya, wasunsu ko kayan aiki ba su cire ba. Mijinyawa ya fito cikin babbar riga ruwan madara, ya ƙara ƙiba, turarensa ya riga shi isowa. Ya karɓi abin magana ya yi godiya ga Dakta Umar Faruq, shugaban ƙungiyar Hausawan Doha, sannan ya juya ga wani dattijo da ke zaune kusa da Dakta.

"Ga kuma babanmu Alhaji Gado, na kamfanin gas. Ya yi alƙawari, in jama'a suka yaba, shi zai ɗauki nauyin kai fim ɗin nan gida. Gidajen kallo, talabijin, wayoyi, duka, kafin Babbar Sallah. Saboda haka in an gama, Ɗalhatu zai zagaya da kyamara kowa ya faɗi ra'ayinsa, kai tsaye a shafina. Ku yaba fa, kada ku ci min shinkafa a banza!"

Aka yi dariya, aka kashe fitilu.

Gaskiya fim ɗin da ban dariya. Akwai wani tsoho da ya rina gemunsa don ya koma saurayi, zufa ta wanke rinin ya gangaro masa a farar riga. Akwai wani da ya ari agogo da takalmi, mai kayan ya biyo shi har otal. Haulat ma ta ji leɓenta ya motsa. Har ta fara cewa a ranta ko ya manta.

Sai ga wata yarinya ta shigo da ƙullin dambu a hannu. An shafa mata baƙi a tsakanin haƙora don a yi mata wushirya. Dillalin cikin fim ya tambaye ta sunanta.

"Mu-Mu-Mu-Muhsina. Daga Fu-Fu-Funtuwa."

Zauren ya ɗauka da dariya. Ko sunan bai sauya ba. Haulat ba ta sunkuyar da kai ba. Ta kalla duka. Ta kalli yadda wani a cikin fim ya juyo ya bayyana wa masu kallo cewa a ƙasar Larabawa in an cika maka finjali korarka aka yi. Ta kalli yarinyar tana cika wa tsofaffi gahawa tana washe baki. Ta kalle ta tana bin su da buta, tana "Ku-ku-ku tsaya," har ta yi tuntuɓe ta kife. An sa wani kiɗa na shaƙiyanci a wurin. Wani mai gadi a bayansu ya zame daga kujera don dariya. Ruƙayya ma tana share hawaye, tana dukan cinyar Haulat.

Haulat ba ta ganin allon kuma. Makarantar su Fausiya take gani. Yara sun kewaye yarinyar a lokacin tara suna "Fa-Fa-Fausiya, zo ki cika mana." Inna take gani, wadda idonta ya yi rauni amma kunnenta garau, tana zaune a tsakar gida, wayar maƙwabta tana ta maimaita sunan 'yarta. Kafin Sallah. Kabarin ko ciyawa bai gama yi ba.

Da aka kunna fitilu ta tashi ta nufi ɗakin da ake ajiye abinci. Atine, matar da aka ba kwangilar girki, tana jera finjalai a faranti, ga butar gahawa ta tagulla yanzu aka sauke ta daga wuta.

"Kawo in taya ki, Atine."

"Ah, Haulat, ke ce a waje yau? Allah ya yi miki albarka, ƙafata ta gaji. Ki yi a hankali, tafasasshiya ce."

Haulat ta ɗaga butar ta ji nauyinta. Zafin yana ratsa tsumman da aka naɗe mariƙin da shi. Ta tsaya ta leƙa zauren ta ƙofa. Ga Mijinyawa can a gaba, fuskarsa sai ƙyalli take. Taku kaɗan ne. Ta cire murfin. A ranta ta ga ta watsa masa, ya ƙare rayuwarsa ba mai son kallonsa. Ta daɗe tana jin daɗin wannan tunanin. Ba 'yan sanda ne suka tsorata ta ba, ba kuma kafil ɗinta ba, wanda takardun zamanta ke hannunsa. Abin da ta gani shi ne, in ta ƙona shi, shi za a tausaya wa, fim ɗin kuma kowa zai so ya gani don ya san dalili. Ta mayar da murfin.

A zauren Ɗalhatu ya fara zagayawa da kyamara.

"Sunana Bello, ina gadi a Wakra," in ji wanda ya faɗo daga kujera. "Wallahi cikina har ya ƙulle. Ni tambayata ɗaya, yaushe jirgi na gaba zai tashi? A sa sunana."

"Da wane albashin?" wani ya jefo daga baya. "Ko agogon za ka ara?"

Wani injiniya ya gyara tabarau ya ce labarin ya yi, sai dai hasken wasu wurare bai zauna ba, kuma sautin yana tashi yana sauka. Wani ɗan Kumasi ya ce shi dai a kashi na biyu a je Zango, a can ne ake da matan da za su kori angwayen da muciya. Malama Ajaratu, wadda ke koyarwa a jami'a, ta ce ita ta yi dariya, ba za ta yi ƙarya ba, amma me ya sa a finafinan nan kullum mace ce sakarya?

"Malama, tsohon mai gemu fa, mace ce?" in ji Mijinyawa. Aka sake fashewa.

"Wace ce ta fi burge ku?" Ɗalhatu ya tambayi jama'a.

"Mu-Mu-Muhsina!" suka amsa baki ɗaya.

A daidai nan Haulat ta iso layin gaba, buta a hagu, finjalai a dama, yadda ake yi. Ta zuba wa Dakta ɗan kaɗan a ƙasan finjali ta miƙa masa. Ta zuba wa Alhaji Gado ɗan kaɗan. Ta koyi abin sarai, bayan ya riga ya ci mata ƙanwa. Sannan ta tsaya gaban Mijinyawa. Ya karɓi finjali yana magana da kyamara, bai dube ta ba. Ta fara zubawa. Ya kai rabi, ba ta tsaya ba. Ya kai baki, ba ta tsaya ba. Gahawar ta malalo ta bi yatsunsa ta sauka a kan rigar ruwan madara.

"Ke! Ke!" Ya yi tsalle, amma bai saki finjalin ba, kyamara na kansa.

"An maimaita fim!" Bello ya yi ihu. Zauren ya kaure da tafi. Duk wanda ke wurin ya san ma'anar abin, Mijinyawa da kansa ya gama koya musu.

Shi ma sai ya mayar da abin wasa, yana yarfe hannu. "Kun gani ko? Fim ya shiga jini! Ɗalhatu, ɗauke ta. Hajiya, gaya wa duniya, yaya kika ga Jirgin Angwaye?"

Ɗalhatu ya juyo da kyamara. Haulat ta ɗora tafin hannunta, baƙi ƙirin da lalle, a kan idon kyamarar.

"Kashe, Malam Ɗalhatu. Ra'ayina na mutanen ɗakin nan ne, ba na waya ba."

Ya dubi ubangidansa, ya dubi fuskarta, ya kashe.

Ba ta ɗaga murya ba. Sai da na baya suka yi ta cewa a yi shiru.

"Wadda kuka gama yi wa dariya ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunanta ke nan, garinmu ke nan, sana'arta ke nan. Shi ya kawo ta garin nan. Da abin ya faru ni na raka ta wurinsa, tana kuka, ta ce ya je ya gaya musu ba ta sani ba ne. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Alhaji, ka tuna? Ni na ɗauko maka hular."

Mijinyawa ya dube ta sosai a karo na farko. "Haba baiwar Allah. Suna ai ba na mutum ɗaya ba ne. Wasa ne, don nishaɗi."

"In'inar ma ba ta mutum ɗaya ba ce? Da wushiryar? Da dambun?" Ta juya ga jama'a. "An sake ta. Ta koma gida ta mutu wajen haihuwa. Ta bar uwa tsohuwa da 'ya tana makaranta, ba su san komai a kan finjali ba, don ta sa na rantse. Ku ma yanzu na ɗora muku amanar. Wannan shi ne abin da kuke yabawa a kai Funtuwa kafin Sallah."

Ruƙayya ta toshe bakinta da mayafi. Bello ya sunkuya yana kallon takalminsa. Wani daga gefe ya ce ƙasa-ƙasa, "To amma ai fim fim ne," matarsa ta zungure shi da gwiwar hannu.

Alhaji Gado bai sha gahawarsa ba. Ya ce, "Mijinyawa, ka san ta rasu?"

"Na... na ji, Alhaji."

"Kafin ka yi fim ɗin ko bayan ka yi?"

Mijinyawa ya dubi Ɗalhatu kamar zai cece shi. Ɗalhatu yana naɗe wayar kyamara, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Kafin ne. Na ce a sauya sunan, ya ce sunan ne daɗin."

Alhaji Gado ya girgiza finjalinsa a hankali ya miƙa wa Haulat. "Kalas," in ji shi. "Magana ta ƙare. Kuɗina ba ya ciki. Allah ya jiƙanta, 'yata."

"Haba Alhaji, a zauna a yi magana mana! Dakta, ka sa baki!"

Sai ga Atine ta fito daga ɗakin abinci. Ta karɓi butar daga hannun Haulat, ta ɗauki sabon finjali ta cika shi fal, ta dire a teburin gaban Mijinyawa. Ruƙayya ta taso tana kuka ta cika wani. Malama Ajaratu ta cire zobenta don kada ya dame ta, ta cika nata. Mata suka yi layi. Bello ma ya shiga layin, ya ce shi ya fi kowa dariya, dole ya zuba. Sai da finjalai suka ƙare. Mijinyawa ya tsaya a gaban teburin, rigarsa jiƙe, sannan ya tattare hannun rigar ya fita ta ƙofar baya. Shinkafar ma ba a ci rabinta ba.

A cikin makon Dakta ya kira Haulat ofishin ƙungiya. A gabanta Ɗalhatu ya goge duk inda Muhsina ta fito. Da aka cire ta, abin da ya rage ba ya kallo, sai tsoho mai gemu da mai aron agogo. Fim ɗin bai je gida ba. Duk da haka kullum da safe, kafin ta tafi shago, Haulat takan sa Ruƙayya ta buɗe mata shafin Mijinyawa ta duba.

Ba ta tsaya nan ba. Duk matar da ta miƙo mata hannu a yi mata lalle, in dai Bahaushiya ce, sai ta ji wane ne Mijinyawa, lalle kuwa yana daɗewa bai bushe ba. Sunan Muhsina ba ta ƙara faɗa ba, nasa kawai take faɗa. Aka fara a gidan sunan wani injiniya, inda aka kawo wa Mijinyawa shayi an cika har yana zuba a faranti. Aka yi masa a walimar sauka. Har direbobin da yake zama da su a shagon shayi na Mansura, da ya zauna sai wani ya ce wa mai shayi, "Cika wa Alhaji." Mutumin da sana'arsa taro ce, ya zama ba ya iya shiga taro. Waɗanda suka sa suna a rangadi na gaba suka janye ɗaya bayan ɗaya.

Wata ranar Asabar da hantsi ya zo ƙofar shagonsu. Maza ba sa shiga, sai ya tsaya a rana ya aika a kira ta. Ta bar shi ya jira har ta gama hannun da take yi. Da ta fito ta ga ya rame, rigar ta yi masa yawa.

"Hajiya Haulat, don girman Allah. Na goge, kin gani da idonki. Na yi asara. Yarana suna tambayata me ya sa ba ma zuwa ko'ina. Ki yafe min, ki ce wa mutane ya isa."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta jira ta ji ko tausayi zai zo mata. Bai zo ba.

"Wadda za ta yafe maka tana Funtuwa, a bayan gari. Ka san hanya, ka saba kai mutane Najeriya."

"To ke fa? Ba abin da za ki ce?"

"Ni ba ni da komai sai gahawa," in ji Haulat. "Akwai a wuta. In kawo maka?"

Ya juya ya bi gefen titi yana neman inuwa. Ta tsaya tana kallonsa har ya sha kwana, sannan ta koma ciki, ta zauna, ta ce wa matar da ke jira, "Kawo ɗaya hannun."